Ƙadri Mai Kunne da Motar Gyaɗa

Duk wanda ya bi gudiro, wato hanyar kwalta, daga Tasawa ya nufi Damagaram, in ya iso Maijirgi zai ga wata tsohuwar bedi mai faɗin inuwa a hannun dama, an rataya mata tsofaffin tayoyi har uku a reshe. A gindinta akwai rabin duro cike da baƙin ruwa, da famfon iska, da wani dattijo siriri mai furfura a haɓa, zaune ya ba hanya baya. Shi ne Ƙadri mai faci. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana zaune a wurin, kuma a duk tsawon shekarun nan ƙeyarsa ce kaɗai ta san abin da ke wucewa a kan hanyar.

Ba girman kai ya sa shi haka ba. Ranar da ubansa ya kawo shi koyon sana'a wurin marigayi Ahmadu, mai rumfar na farko, sai Ahmadu ya lura duk motar da ta gifta sai idon Ƙadri ya raka ta har ta ɓace, robar da ke hannunsa kuwa ya manne ta inda babu huda. Ahmadu bai zage shi ba, bai buge shi ba. Kama kafaɗunsa kawai ya yi, ya juya shi ya fuskanci katanga, ya ce, "Nan za ka riƙa dubawa har in mutu." Ahmadu ya yi shekara goma sha tara bai mutu ba. Da ya zo ya rasu, wuyan Ƙadri ya riga ya saba.

To, da aka hana ido, sai kunne ya karɓi aikin. Tun mota tana bayan gari, ba a ko hango ƙurarta ba, Ƙadri zai ce, ba tare da ya ɗaga kai daga aikinsa ba, "Marsandi ce, ta ɗauko siminti, ta yi lodi fiye da ƙima." Can sai ga ta. Wani lokaci ya ce, "Wanga direba barci yake ji." Wani lokaci kuma ya ajiye abin da yake yi, ya jawo jak, ya ce, "Ƙafar baya ta hagu ta yi sanyi, nan zai tsaya." Sai motar ta zo ta tsaya a bayansa, direban ya sauko yana mamakin yadda aka yi kayan aiki suka riga shi isowa. Tun mutane suna gardama har suka daina, suka sa masa Mai Kunne.

Ko aurensa kunne ne ya yi masa. Ya je Kona biki, ya ji ana daka a bayan wata danga, taɓarya tana sauka daidai wa daida ba ta tsallake ko sau ɗaya, ya tsaya ya saurara har aka gama, ya ce wa abokin tafiyarsa ko wace ce wannan, lafiyayya ce. Hafsatu ke nan. Har yau in sun yi faɗa takan tuna masa cewa ranar da ta haifi autarsu Raihana, yana tsakar gida ya ji kukan jaririya, abin da ya fara fita bakinsa shi ne, "Alhamdu lillahi, ta tashi bugu ɗaya."

Abin da ya fi komai daraja a rumfar ba famfo ba ne, kujera ce. Tsohuwar kujerar direba ce ta wata kamiyo, babbar motar kaya, da ba wanda ya san asalinta, fatarta ta tsattsage, an ɗinke da zaren buhu, amma in ka zauna sai ta karɓe ka kamar ta daɗe tana jiranka. Mutanen fadar da ke taruwa a gindin bedin shan shayi suna da doka tun zamanin Ahmadu: wanda ya fi kowa sanin mota a Maijirgi, shi ke zama a kanta. Da Ahmadu ya rasu ba a ko yi shawara ba, Ƙadri ya hau.

Shekara uku da suka wuce ne Lawali ya dawo gida. Shekara talatin ya yi yana jan babbar mota tsakanin Kwatano da Damagaram, ya dawo da tumbi, da ciwon baya, da labarai waɗanda kullum suke ƙara tsawo. A fada jarka aka ba shi ya kifa ya zauna. Kullum in zai zauna sai ya yi nishi, ya dafa ƙugu, ya dubi kujerar, ya ce, "Ikon Allah. Wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba yana bisa kujerar direba, direba yana bisa jarka."

Ƙadri yakan ce, "Kai mota guda ka sani, ita ma don an ɗora ka a kanta."

Haka suke har hutun da Raihana ta zo daga Maraɗi, inda take karatun tarihi a jami'a. Yarinya ce marar magana, in ta ratsa ta gaban fada kanta a sunkuye take wucewa. Shi ya sa ranar da ta zo da hantsi ta durƙusa a gefen tabarma ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ta tashi ba, kowa ya san da magana.

Malaminsu ne, in ji ta, yake shirya nunin tsofaffin hotuna na zamanin cinikin gyaɗa. Ya samo wani guntun fim na minti uku da wani Bature ya ɗauka a kasuwar Tasawa tun kafin a haifi yawancin mutanen fadar. A ciki akwai wata kamiyo ana yi mata lodin buhuna. Ana so a rubuta irin motar a ƙarƙashin hoton, an tambayi mutane a Maraɗi kowa da abin da yake faɗi. Ita kuwa, da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba, sai ta ji bakinta ya ce, "Babana zai sani."

Ƙadri ya gyara zama a kujera, ya share hannu a riga. "To, mi ake jira? Kunna."

Ya rufe ido, ya karkato da kunnen dama wajen wayar. Aka yi tsit. Wata tunkiya ta yi kuka a bayan masallaci.

"Kunna mana, ɗiyata."

"Na kunna, Baba."

"Ƙara mata murya."

Raihana ta dubi ƙasa. "Ba ya da murya, Baba. Na wancan zamanin haka suke, hoto ne kawai."

Ƙadri ya buɗe ido a hankali. Ya karɓi wayar ya riƙe ta nesa, ya matso da ita kusa. Ga mota nan, baƙa da fari, da dogon hanci, mutane suna ta kai da kawo da buhuna a ka, bakunansu suna motsi ba abin da ke fitowa. Nan take idonsa ya sauka ƙasa, wajen ƙafafu, don in ba kuka, ƙafar mota ma takan gaya masa sunanta: ya san kowace da yawan kusoshinta da faɗin bakinta. Ƙafafun baya, tulin buhuna ya rufe su. Ƙafar gaba kuwa, wani jaki ne ya zo ya tsaya a gabanta a gicciye, ya sunkuyar da kai, bai motsa ba har fim ɗin ya ƙare.

A nan ne ya ci karo da wani abu da bai taɓa gaya wa kowa ba, shi ma bai taɓa zama ya yi tunaninsa ba sai yau. Ƙadri bai san fuskar mota ba. Ya san kukanta, ya san ta daga gwiwa zuwa ƙasa. Daga nan zuwa sama duk ɗaya suke a wurinsa, kamar shanun wani.

Lawali ya leƙo ta kafaɗarsa, ya yi kallo ɗaya, ya koma kan jarkarsa yana murmushi. "Barliye ce ta Faransa. Mai dogon hanci, wadda ake ce ma Je-el-er. Na gan su da idona a Dosso suna ruɓewa. Ko ba haka ba, Mai Kunne?"

Wataƙila haka ne. Ƙadri ba shi da yadda zai sani. Amma da ya ce "haka ne" ga Lawali a gaban jama'a, gara ya haɗiye bawul ɗin taya.

"Ban ji ta ba tukuna," ya ce.

"Ba ka ji ta ba! To jira ta yi tari."

Fada ta kwashe da dariya. Misbahu mai shayi, wanda shi ne babba a shekaru kuma shi ke raba gardama, ya ɗaga buta sama ya zuba, ya bari kumfa ta kwanta, sannan ya yanke: daga yau Talata zuwa Juma'a bayan an sauko. In Ƙadri ya kawo suna da hujja, kujera tasa. In ya kasa, ko ya faɗi ba daidai ba, ya sauka Lawali ya hau.

Ranar Ƙadri bai gane kukan ko mota ɗaya ba. Wata ma har ta tsaya a bayansa da taya a kwance sai da direban ya yi sallama.

Da la'asar yana tsakar gida a kan tabarma, tuwon rana yana gefe bai taɓa ba, ya sa Raihana ta maimaita masa fim ɗin ya fi sau talatin. Kowane zagaye sai ya yi wa jakin tsawa. "Kauce! Kai, kauce mana!" Har ya gwada karkata wayar ko zai hango ta bayansa.

Hafsatu ta zo ɗaukar kwano, ta tsaya a kansa. "Malam, jakin nan ya mutu tun kana cikin zane. Ci abinci." Sai ta sunkuyo kan wayar. "Ke Raihana, mayar da shi baya. Can, gefen buhuna. Tsaya nan."

A gefen hoton akwai wata 'yar talla da ba ta wuce shekara tara ba, da ƙwaryar fura a gabanta. Wata akuya ta miƙo baki, yarinyar ta ɗaga ludayi da hannun hagu ta sauke mata a tsakiyar ka, ba ta ko dube ta ba.

Hafsatu ta dafa ƙirji. "La ilaha illallahu! Gwaggo Rahina ce!"

"Wace Gwaggo Rahina?"

"Gwaggona ta Kona mana, ƙanwar babana. A Tasawa suka tashi. Dubi tsagen kumatunta. Kuma duk duniya wa ke bugun akuya haka, da hagu, yana kallon wani wuri? Har gobe haka take yi."

Ƙadri ya ce to, Allah ya ƙara mata lafiya, amma shi ba akuya aka tambaye shi ba.

Raihana ce ta yi magana, a hankali kamar kullum. "Baba, ka duba ƙarshe. Hayaƙi yana fitowa daga motar, sai ta saki ludayin ta toshe kunnuwanta." Ta nuna wurin da yatsa. "An tayar da motar tana kusa. Ta ji ta."

Ƙadri ya miƙe zaune. Ya dubi 'yarsa kamar yau ya fara ganinta. Kukan da yake nema bai ɓace ba ashe, yana Kona, cikin kan wata tsohuwa.

Sai kuma ya tuna ko wace ce tsohuwar. Gwaggon matarsa. Surukarsa. Matar da shekara talatin da biyar bai taɓa haɗa ido da ita ba, bai taɓa shan ko ruwa a gabanta ba, in ya hango ta a biki yakan canza hanya ya bi ta bayan rumbuna. Ita ce zai je ya ce ta yi masa kukan kamiyo.

Ya kwana biyu yana juya abin. Ranar Alhamis da safe ya ga Lawali ya tsaya a gefen kujerar yana latsa ta da tafin hannu, kamar mai taya rago. Nan take ya aika a kira masu babur.

Su huɗu suka tafi, don Lawali ya ce ƙafarsa ƙafar Ƙadri, ba za a je a ƙulla wani abu a bayansa ba. Hafsatu ta riƙe ƙullin goro da sabulu. Tun daga ƙofar gida Ƙadri ya tuɓe takalma, ya shiga a duƙe, ya tsuguna can nesa kusa da turken awaki, ya kafa ido a ƙasa. Gwaggo Rahina tana zaune a kan tabarma a inuwar ɗaki, 'yar ƙaramar tsohuwa, da sanda a gefen hagu. Aka yi gaisuwa, aka tambayi gida da gona da masu jego da waɗanda suka rasu, aka sake zagayowa. Sannan Raihana ta matsa ta nuna mata wayar.

Tsohuwar ta daɗe tana kallo. Ba ta ce komai a kan kanta ba. Da aka zo wurin akuyar ne ta nuna da yatsa. "Ta gidan Sakina ce. Ɓarauniya. Ƙwarya biyu ta fasa mini."

Aka yi dariya. Ƙadri ya yi gyaran murya, ya yi wa Hafsatu alama ta faɗa. Hafsatu ta ce a'a wallahi, shi da ya kwaso su. Ya dubi Lawali, Lawali ya dubi sama. Ƙarshe dai Raihana ce, fuskarta cikin mayafi, ta ce, "Gwaggo, Baba ne yake so, in ba damuwa, ki tuna mishi yadda motar nan take kuka."

"In tuna mishi?"

"Ki... ki yi mishi. Da baki."

Gwaggo Rahina ta juya ta dubi surukinta, wanda a lokacin ya ƙanƙance har ya kusa shigewa cikin awaki.

"Hafsatu, mijinki ne wancan?"

"Shi ne, Gwaggo."

"Shekara talatin da biyar ban san kalar muryarshi ba. Yau ya hau babur tun daga Maijirgi don in zama mota."

"Ki yi haƙuri, Gwaggo," in ji Ƙadri, da wata siririyar murya da shi ma bai san yana da ita ba.

Tsohuwar ta tofar da goron bakinta a tafin hannu, ta miƙa wa Hafsatu ta riƙe mata. Ta kurkure baki. Ta gyara ɗaurin zane. Sannan ta ce, "Da sanyin safiya ko ta riga ta yi zafi? Da kaya ko wayam?"

Ƙadri ya ɗago kai, karo na farko a rayuwarsa, ya sake saukewa da sauri. "Da safe, Gwaggo. Da kaya. Kuma... a gafarce ni, sai na juya baya. Ba raini ba ne. In ina fuskantar mota ba na jin ta."

"Juya. Dama fuskar taka ban saba da ita ba."

Ya juya ya fuskanci danga, ya rufe ido.

Ta fara da tari biyu busassu, da wani dogon nishi kamar ana jan guga mai nauyi. Ta yi shiru. Ta sake. A na uku sai wani gurnani ya taso daga ƙirjin 'yar tsohuwar nan, mai kauri, mai karkarwa, har kaji suka watse, awaki suka ja igiya. Kumatunta suna rawa, kafaɗunta suna rawa. Kafin a jima kawunan maƙwabta sun jeru a kan danga, wata mata tana tambaya ko aljanu ne, a kira malam.

Ƙadri bai ji su ba. Yatsunsa suna motsi a kan gwiwa, yana ƙirga wani abu. Ya manta da kunya, ya manta da inda yake.

"Taka mata kaɗan," ya ce. Gurnanin ya ƙaru. "Yawwa. Sa ta a hanya. Ga tudun rairayi nan gabanki, sauko da giya."

Gwaggo Rahina ta kama sandarta da hagu, ta ja ta baya da wata ƙara kamar ana yaga tabarma, ta tura gaba, muryarta ta koma ƙasa ta yi nauyi. Ta hau tudun nan da kyar, jijiyoyin wuyanta a miƙe, ta kai ƙoli, ta sake shi, ta gangara. Da ta iso ƙasa ta ja birki da wani dogon tsaki, ta yi ajiyar zuciya, ta miƙa hannu a ba ta goronta.

Ƙadri ya buɗe ido. Yatsu shida ne a miƙe.

"Ba Barliye ba ce," ya ce wa danga. "Barliye mai dogon hanci na san ta, ta yi ta wucewa a bayana ina saurayi. Numfashinta biyar ne, shi ya sa take kamar mai ɗingishi. Wagga shida take yi, sumul, kuma muryarta ta fi sirantaka in ta hau tudu. Bilhodi ce ta Ingila."

Lawali ya miƙe tsaye. "Kai jama'a! Wane shida? Biyar ta yi! Na shidan iska ce ke fita ta giɓi, tsohuwa ba haƙora a gaba!"

Ba wanda ya ga lokacin da sandar ta tashi. Da hagu, a tsakiyar hula, kuma Gwaggo Rahina wajen Hafsatu take kallo.

"Zauna, mai tumbi. Giɓina ba ya ƙara ma mota komai." Lawali ya zauna. "Kai ka ce Barliye, ko? Ba ka yi ƙarya ba. Kai kuma, mijin Hafsatu, ka ce Bilhodi. Kai ma ba ka yi ƙarya ba."

Motar, in ji ta, ta Ɗan Azumi ce, kuma duk Tasawa ba wanda bai san labarinta ba a lokacin. Wata damina ya ce zai ƙetare gulbi da ita ruwa ya kawo, aka hana shi, ya ce shi ya san motarsa. Injin ya sha ruwa ya ƙoshi, bai sake tashi ba. Sai ya tafi Katsina ya samo injin wata Bilhodi da ta faɗi, aka kawo shi, makanikai da maƙeran Tasawa suka yi wata biyu suna yanka suna ƙira har suka zaunar da shi a cikinta. Tun daga ranar hancin motar bai sake rufuwa daidai ba.

"Ke mai waya, diba da kyau. Ba igiya a ɗaure a hancin?"

Raihana ta buɗa hoton da yatsu biyu. Ga igiya nan, an zagaya hancin motar da ita an ƙulle a gefe. Lawali ya karɓa ya duba, ya daɗe yana dubawa, ya mayar mata da wayar.

"Gwaggo, ya aka yi kika san duk wannan?" in ji Raihana.

"Ke, Ɗan Azumin wa kike tsammani? Kakanku ne na nan gidan. Bayan wannan hoton da shekara tara ya aure ni. A motar aka kawo ni Kona, ni da gadona da igiyar da komai."

Hafsatu ta riƙe baki. Ita da Malam Abdu ta san marigayin, ba ta taɓa jin sunansa na tasha ba. "To Gwaggo, mi ya hana ki faɗi tun farko, kika bari muka tara miki gari?"

"Wa ya tambaye ni? Kukan mota aka ce in yi." Ta gutsiri goro. "Da yana da rai, in ya yi fushi ya ƙi cin tuwo, haka nake zuwa bayanshi in tayar mishi da ita har sai ya yi dariya. Shekara goma sha ɗaya ban tayar ba. Na ce bari in ji ko tana nan."

Da za su tafi ta sa aka kawo fura, ta ce mijin Hafsatu sai ya sha a gabanta, tunda dai ya riga ya sa ta hawan tudu. Ya sha, yana fuskantar danga.

Raihana ta koma Maraɗi da amsarta a rubuce: motar Ɗan Azumi, direba a Tasawa, jiki Barliye, inji Bilhodi. Ta kuma tafi da wani abin da ba a aike ta ba, don ashe tun tarin farko ta danna wayarta tana ɗauka. Da izinin Gwaggo, a wurin nunin an haska fim ɗin da murya.

A Maijirgi kuwa, ranar Juma'a bayan an sauko, Misbahu ya saurari ɓangarorin biyu, ya sa Raihana, da ba ta riga ta tafi ba, ta kunna masa muryar Gwaggo sau biyu, ya sha shayi ya yi tunani. Ya ce shi bai ga wanda ya faɗi ba, bai kuma ga wanda ya ci duka ba. Lawali ya san sama, Ƙadri ya san ciki da ƙasa. Saboda haka a raba kujerar yadda aka raba motar: majingina ta Lawali, mazauni na Ƙadri.

Kusoshi huɗu ne suka haɗa su, kuma da sifanar Ƙadri aka kwance. Mako guda Lawali yana zaune a ƙasa ya jingina rabinsa da bedi, in ya motsa sai ta zame ya tafi da baya. Ƙadri kuma yana kan nasa rabin a miƙe kamar ɗan lakwal a aji, sau biyu yana mantawa ya jingina da iska. Ba wanda ya yi ƙorafi, don kowa yana jiran ɗayan ya fara.

A rana ta takwas Ƙadri ya zo da sassafe ya mayar da kusoshin, amma ya juya majinginar ta fuskanci hanya, ya jawo jarkar ya ajiye a gabanta. Da Lawali ya iso ya tsaya yana kallo.

"Mi ke nan?"

"Rabinka ne, ban taɓa maka ba. Aro nake ta baya."

In ka bi ta Maijirgi yanzu za ka gan su a gindin bedin, sun haɗa baya, majingina ɗaya a tsakaninsu, mai tumbi yana fuskantar hanya a kan jarka, siririn yana fuskantar katanga. Tun mota tana nesa siririn zai faɗi sunanta. Mai tumbin sai ya jira ta iso, ya dube ta sama da ƙasa, ya ce, "Jikin dai ba nata ba ne."